Ɗora Docker akan sabar Ubuntu: hanyar da zaka bi, da saitin da zaka yi kafin ka tada kwantena ko ɗaya

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, yace ya kama hayar VPS, wato sabar da ake haya ta intanet, mai ram 2GB da Ubuntu 24.04, yana so ya ɗora manhajar makaranta da ya rubuta da Django da PostgreSQL, ta sakamakon ɗalibai da biyan kuɗin makaranta. Da Docker yake so ya tafiyar da ita, wato shirin da ke tada manhajoji a killace cikin abin da ake kira kwantena. Ya duba intanet kan yadda zai ɗora shi ya ga wasu sun ce snap, wasu sun ce apt install docker.io, wasu sun ce layi ɗaya ne kawai na get.docker.com, wani ma yace masa Docker Desktop. Wanne zai bi, kuma me zai saita bayan ya ɗora? Sannan nan gaba yana so ya saka irinta akan wata kwamfuta a ofishin makarantar.

Wa alaikumus salam malam. Ɗorawar kanta bata wuce minti goma in netwok na da kyau, kuma duk hanyoyin da ka lissafa in banda Docker Desktop zasu baka Docker mai aiki. Inda mutane ke shan wahala shine abin da ke zuwa bayan nan, musamman abu uku: ƙofofin da Docker ke buɗewa ba tare da ka sani ba, log da ke cika diski, da kuma inda bayananka suke zaune. Tunda bayanan yara ne da na kuɗin iyayensu zaka ɗora, akan waɗannan zan fi tsayawa, amma bari mu fara daga farko.

Kafin komai ka tabbatar wace irin sabar aka baka. Kwantena ba wata kwamfuta bace daban a cikin kwamfuta, shiri ne na yau da kullum da kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ya killace shi, ya bashi nasa fayiloli da nasa netwok da iyakar ram, amma kanel ɗaya suke amfani da shi da sabar ɗin. Shi yasa in VPS ɗin naka irin mai arha ne da aka yanka da OpenVZ ko LXC, wato shi kansa kusan kwantena ne, to Docker kan ƙi tashi ko ya tashi rabi da rabi. Ka buga `systemd-detect-virt`, in ya nuna kvm ka huta, in ya nuna openvz ko lxc gara ka canza tun yanzu kafin ka ɓata lokaci. Sai ka buga `uname -m`. In yace x86_64 shine gama-gari, in yace aarch64 to ARM ce, kuma ka riƙe wannan a ranka domin duk imej ɗin (wato kunshin da ake tada kwantena daga gare shi) da aka gina don ɗaya bazai tashi akan ɗayan ba, abin da zaka gani kawai shine exec format error. Wannan yana yawan kama masu Mac na M1 zuwa sama, su gina a laftof su tura sabar Intel, abu yaƙi tashi suyi ta zargin Docker.

Docker Desktop cire shi daga lissafi, na kwamfutar da kake zama a gabanta ne kana rubuta kod, yana da tagogi da maɓallai kuma yana tada wata na'urar a ciki, sabar bata buƙatarsa. Abin da kake so sunansa Docker Engine, kyauta ne.

Snap ban baka shawararsa ba. Na farko a killace yake, baya ganin fayilolin da ke wajen foldar home yadda ya kamata, sai ka ajiye aikinka a /srv ko /opt kace ya haɗa foldar da kwantena yace babu ita alhali kana ganinta da idonka. Na biyu snap yana sabunta kansa da kansa a lokacin da ya ga dama, kuma sabunta Docker yana nufin kashe shi da kunnawa, kaga zai iya faɗowa daidai ranar da iyaye ke duba sakamako. Kuma ka duba da `snap list` ko yana nan tun farko, don shirin da ke ɗora Ubuntu Server yana nuna docker cikin jerin abubuwan da zaka iya zaɓa, mutane da yawa suna danna shi su manta, daga baya su sake ɗora wani ta apt, biyu su haɗu suna rigima akan abu ɗaya. In yana nan `sudo snap remove docker`.

Shi docker.io na Ubuntu ne, ba wani laifi gareshi, yana aiki lafiya, kawai dai yakan kasance baya da sigar da kamfanin Docker ya fitar. Shi kuma layin get.docker.com su kansu masu shi sun ce na gwaji ne ba na sabar da jama'a ke dogara da ita ba, kuma ni dai bana son ɗabi'ar ɗauko sikirif daga intanet a miƙa wa root, asusun da ke da cikakken iko akan sabar, ba tare da an karanta ba. Abin da sikirif ɗin yake yi zaka iya yinsa da hannu a layi kaɗan, kuma ka san me ka taɓa. Fara da share tsofaffin idan akwai:

```
sudo apt remove docker.io docker-doc docker-compose docker-compose-v2 podman-docker containerd runc
```

in yace babu su ba matsala. Sai ka kawo makullin da apt zai riƙa tantance fakej ɗin Docker da shi, ka ƙara rumbunsu:

```
sudo apt update
sudo apt install ca-certificates curl
sudo install -m 0755 -d /etc/apt/keyrings
sudo curl -fsSL https://download.docker.com/linux/ubuntu/gpg -o /etc/apt/keyrings/docker.asc
sudo chmod a+r /etc/apt/keyrings/docker.asc
echo "deb [arch=$(dpkg --print-architecture) signed-by=/etc/apt/keyrings/docker.asc] https://download.docker.com/linux/ubuntu $(. /etc/os-release && echo "$VERSION_CODENAME") stable" | sudo tee /etc/apt/sources.list.d/docker.list
sudo apt update
sudo apt install docker-ce docker-ce-cli containerd.io docker-buildx-plugin docker-compose-plugin
```

Gwada da `sudo docker run hello-world`. In ya gaishe ka, ɗorawa ta ƙare. A Ubuntu yana kunna kansa duk sanda sabar ta tashi, amma ka tabbatar da `systemctl is-enabled docker`. Ka lura kuma umarnin da ke tada kwantenoni da yawa tare daga fayil ɗaya, yanzu `docker compose` ake rubuta shi da tazara a tsakani, tsohon `docker-compose` mai ɗan layi an daina kula da shi tun 2023, dan haka duk darasin da ka gani yana cewa ka ɗora shi da pip ka san ya tsufa, kuma watakila sauran abin da ke cikinsa ma ya tsufa.

Abu na gaba da kowane darasi zai ce kayi shine `sudo usermod -aG docker $USER` don ka daina rubuta sudo. Kayi in kana so, sai ka fita ka sake shiga kafin ya kama, amma ka san abin da kayi: duk wanda ke cikin rukunin docker daidai yake da root, babu bambanci ko kaɗan, domin da layi ɗaya zai tada kwantena ya haɗa ta da / na sabar gaba ɗaya ya karanta ko ya goge abin da ya ga dama, ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. In kai kaɗai ne akan sabar kuma da makullin SSH kake shiga, ba komai. In akwai wani yaro da ke taya ka ko wani malami da kake so ya riƙa duba wani abu, kar ka saka shi a rukunin nan da tunanin ƙaramin izini ka bashi. Kuma don Allah duk inda ka ga an ce ka buɗe Docker akan tcp://0.0.0.0:2375 don ka riƙa sarrafa shi daga laftof, kar kayi. Wannan ƙofar bata tambayar kowa komai, akwai na'urori da aikinsu dare da rana shine zagaye intanet suna nemanta, da sun samu su tada kwantenar haƙar kirifto a sabar ɗinka, kai dai sai ka ga komai yayi nauyi ko kamfanin da ka kama haya ya rufe maka. In nesa kake so ka sarrafa, Docker yana iya bi ta SSH, `docker -H ssh://sunanka@sabar ps`, ya wadatar.

To yanzu ga babbar maganar, kuma ita ce dalilin da yasa na zauna rubuta dogon bayani. Kusan kowa akan Ubuntu da ufw, wato katangar tsaron Ubuntu, yake tsare sabar, ya bar ƙofa 22 da 80 da 443 ya rufe sauran, ya buga `ufw status` ya ga komai tsaf ya kwanta. Sai ya rubuta `-p 5432:5432` a kwantenar PostgreSQL don ya riƙa leƙa databes, yana ganin ai ufw ta rufe 5432. Bata rufe ba. Docker da kansa yake rubuta dokokinsa a iptables, inda Linux ke ajiye dokokin netwok, a teburin nat, yana karkatar da duk abin da ya zo wa wannan ƙofar zuwa kwantena tun kafin ya iso inda dokokin ufw suke zaune, su dokokin ufw na abin da ya nufo sabar ne ita kanta, wannan kuwa wucewa yake yi ta wata hanyar. Kamar ka ajiye mai gadi a ƙofar gida ne, wani ya huda katanga ta baya, in ka tambayi mai gadi zai rantse maka babu wanda ya shiga kuma gaskiya ya faɗa. Sakamakon shine databes ɗinka yana tsaye a fili duk duniya na iya ƙwanƙwasawa, abin da ya rage tsakaninsu da sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu shine kalmar sirrin da ka saka, in kuwa Redis ce ko wani abin da baya tambayar kalmar sirri daga farko to babu ma wannan. Na ga sabar fiye da ɗaya da aka goge mata tebura aka bar saƙon a biya kuɗin fansa ta wannan hanyar, kuma masu su duk sun kunna ufw. Ga kuma doka, tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, bayanan yara kuwa sun fi nauyi, makarantar da kai duk kuna da alhaki.

Maganin mai sauƙi ne. Databes kar ka buɗe masa ƙofa kwata-kwata. Kwantenonin da ke fayil ɗin compose ɗaya suna kan netwok ɗaya, suna kiran juna da suna, wato Django zai sami PostgreSQL a `db:5432` ba tare da ka rubuta ports ba sam. Ita kuma manhajar, ka ɗaure ta a 127.0.0.1 yadda sai daga cikin sabar ake isa gareta, sannan Nginx ko Caddy ya tsaya a gaba ya karɓi 80 da 443 ya miƙa wa manhajar. Ga yadda fayil ɗin zai kasance a taƙaice:

```
services:
  db:
    image: postgres:16
    restart: unless-stopped
    env_file: .env
    volumes:
      - pgdata:/var/lib/postgresql/data
  web:
    build: .
    restart: unless-stopped
    env_file: .env
    depends_on:
      - db
    ports:
      - "127.0.0.1:8000:8000"
volumes:
  pgdata:
```

In kana so ka leƙa databes daga laftof da pgAdmin ko DBeaver, sai ka saka masa `127.0.0.1:5432:5432` ka bi ta SSH, `ssh -L 5432:127.0.0.1:5432 sunanka@sabar`, kamar a laftof ɗin yake. Bayan ka gama kar ka yarda da ufw status, ka buga `docker ps` da `sudo ss -tlnp`, duk inda ka ga 0.0.0.0 a gaban lamba to a buɗe take ga kowa, sannan ka gwada daga waje da gaske, ka haɗa laftof da datar wayarka ka buga `nc -zv` da adireshin sabar da lambar ƙofar. Zaka ga wasu suna cewa ka saka "iptables": false a saitin Docker, kar ka bi, yana gyara wannan ya ɓata wani, kwantenoni su kasa fita intanet kayi ta neman dalili. In kamfanin da ka kama haya yana da katangar tsaro a shafinsa, irin su DigitalOcean da Hetzner da AWS duk suna da ita, kunna ta, don ita a wajen sabar take, Docker bashi da ikon taɓa ta. Akwai kuma sarƙar DOCKER-USER a iptables da aka tanada don mai son rubuta dokokinsa da hannu, amma a matakin da kake baka buƙatarta.

Ni na fi son Caddy ga mai farawa, layi biyu ko uku ne saitinsa kuma da kansa yake karɓo takardar HTTPS daga Let's Encrypt ya riƙa sabunta ta, in dai sunan shafinka ya riga ya nuna adireshin sabar. In ka saba da Nginx da certbot ci gaba da abinka.

Na biyu, log. Duk abin da manhajarka ta buga, Docker yana tara shi a fayil ƙarƙashin /var/lib/docker/containers, kuma a saitin da ya zo da shi babu iyaka, fayil ɗin zai ta girma har diski ya cika. Ranar da ya cika PostgreSQL zai tsaya, wani lokacin ko shiga sabar ma da ƙyar, kuma abin baya nuna alama sai bayan watanni, lokacin ka manta da komai. Ka buɗe /etc/docker/daemon.json, in babu shi ka ƙirƙira, ka saka:

```
{
  "log-driver": "json-file",
  "log-opts": {
    "max-size": "10m",
    "max-file": "3"
  },
  "live-restore": true
}
```

wato kowace kwantena bazata wuce kusan 30MB na log ba. Lambar 3 ɗin ma a cikin alamar zance take, in ka cire Docker zai ƙi tashi, haka in ka bar waƙafi a ƙarshen layi na ƙarshe. Sai `sudo systemctl restart docker`, in yaƙi tashi `journalctl -u docker -n 50` zai gaya maka dalili. Abin da yasa nace kayi kafin ka tada kwantena ko ɗaya shine saitin baya shafar waɗanda aka riga aka ƙirƙira, sai ka sake ƙirƙirarsu da `docker compose up -d --force-recreate`. Shi live-restore amfaninsa in an sake kunna Docker kwantenoni su ci gaba da aiki ba sai sun mutu tare da shi ba.

Ba log kaɗai ke cin diski ba, duk sanda ka sake gina manhajar tsohon imej yana nan zaune, ga kuma tarkacen gini. `docker system df` zai nuna maka wa ke cin me, `docker image prune` da `docker builder prune` su share. Amma duk umarnin da ka ga `--volumes` ko `-v` a jikinsa ka tsaya ka karanta sau biyu, wanda ya kawo mu na uku.

Kwantena abar yarwa ce, duk abin da aka rubuta a cikinta in an goge ta ya tafi, kuma goge ta abu ne da zaka riƙa yi kullum in kana sabunta manhaja. Abin da ke tsira shine wanda ke cikin `volume`, kamar pgdata da ke sama. Kar ka manta da hotunan ɗalibai da takardun da ake lodawa, foldar media ta Django ita ma tana buƙatar nata, mutane suna tuna databes su manta wannan, sai bayan sabuntawa su ga sunaye suna nan hotuna babu. `docker compose down` baya taɓa volume, amma `docker compose down -v` yana goge shi nan take ba tambaya, kuma zaka ga ana bada shi a intanet a matsayin maganin matsala kala-kala, a laftof magani ne, a sabar kuwa sakamakon zango guda ne ya tafi. Akwai wani abu ma da ke tura mutane ga wannan umarnin: POSTGRES_PASSWORD da ke .env sau ɗaya kawai ake karanta shi, ranar da aka fara ƙirƙirar databes, in ka canza shi daga baya ba abin da zai canza a ciki, manhaja ta kasa shiga, sai wani yace goge volume. Ba haka ake ba, shiga zakayi da `docker compose exec db psql -U sunan_mai_db sunan_db` ka canza da ALTER USER.

Ka lura na rubuta postgres:16 ban rubuta latest ba. In ka bar latest, wata rana kayi pull sai ya kawo babbar siga ta gaba, ita kuma bata karanta fayilolin tsohuwa kai tsaye, kwantena tayi ta tashi tana faɗuwa. Ka ɗaure kowane imej da lambarsa, Python ɗin da ke Dockerfile ma haka, ranar da zaka ɗaga siga ya zama kai ka shirya mata.

Kuma volume ba ajiya bace ta ko-ta-kwana, yana kan diski ɗaya da komai, in sabar ta tafi ko katinka yaƙi biyan haya aka rufe asusun, wanda masu biya da katin naira sun san ba abin mamaki bane, ya tafi tare da ita. Ka saka wannan a cron, mai tada umarni da kansa a lokacin da ka saita, kowane dare:

```
docker compose exec -T db pg_dump -U sunan_mai_db sunan_db | gzip > /srv/ajiya/db-$(date +\%F).sql.gz
```

-T ɗin dole ne don cron bashi da tamina, alamar % ma sai da alamar \ kafin ta in a cikin crontab ne, kuma ka fara shiga foldar da fayil ɗin compose yake ko ka nuna masa ita da -f. Sannan kwafin ya bar sabar, ka tura wani wuri da rsync ko rclone. Kuma ko sau ɗaya ka ɗauki kwafin ka mayar da shi a laftof ka ga ya buɗe, domin fayil mai suna daidai amma babu komai a ciki abu ne da ke faruwa sosai.

Ram 2GB zata ɗauki Django da PostgreSQL da Caddy na makaranta ɗaya, in baka cika ma'aikatan gunicorn ba, biyu ko uku sun isa. Inda take ƙarewa shine lokacin gini, musamman in akwai npm a ciki. VPS da yawa suna zuwa babu swap, wato ɓangaren diski da ke rufa wa ram baya in ta ƙare, duba da `free -h`, in sifili ne ka ƙara:

```
sudo fallocate -l 2G /swapfile
sudo chmod 600 /swapfile
sudo mkswap /swapfile
sudo swapon /swapfile
echo '/swapfile none swap sw 0 0' | sudo tee -a /etc/fstab
```

In ka ga kwantena ta mutu da lamba 137, kashe ta akayi da ƙarfi, kuma yawanci kanel ne ya kashe don ram ta ƙare, `docker inspect` zai nuna OOMKilled. Yana da kyau ka saka wa web iyaka da mem_limit don in ta haukace kar ta ja databes su faɗi tare.

Ƙananan abubuwa biyu. depends_on yana jiran kwantenar db ta tashi ne kawai, baya jiran PostgreSQL ya shirya karɓar baƙi, in ka ga web tana faɗuwa a farko sannan ta dawo, ka ƙara healthcheck da pg_isready ka saka condition: service_healthy. Sannan agogon kwantena UTC ne, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, ka saka TIME_ZONE na Django ya zama Africa/Lagos, in ba haka ba rasit ɗin da aka biya sha biyu da rabi na dare zai fito da kwanan jiya. Fayil ɗin .env kuma `chmod 600`, kar ya shiga git, kuma ka saka shi a .dockerignore don kar ya shige cikin imej.

Maganar kwamfutar ofishin makaranta, matakan ɗorawa ɗaya ne, abin da ya bambanta wuta ce da data. restart: unless-stopped zai dawo da kwantenoni in kwamfuta ta tashi, amma sai kwamfutar ta tashi tukunna, dan haka ka shiga BIOS ka nemo saitin da ke cewa ta kunna kanta in wuta ta dawo. Ka saka mata UPS ko inbata ko da na minti kaɗan ne, PostgreSQL yana jure ɗaukewar wuta daidai gwargwado amma diski mai arha baya jurewa kullum. Wajen data kuwa ba sai ka sake sauke komai a can ba, a inda kake da netwok mai kyau kayi `docker save -o kaya.tar postgres:16 sunan_imej_ɗinka`, ka ɗauka a filash, can kayi `docker load -i kaya.tar`. Wannan yana kuma kauce wa iyakar da Docker Hub ya saka tun 2020 akan yawan saukewa ga wanda bai shiga da asusu ba, da adireshin IP suke ƙirgawa, layukan waya kuwa mutane da yawa ne ke fita da adireshi ɗaya, sai ka ga toomanyrequests alhali kai ko biyu baka sauke ba, in haka ta faru `docker login` da asusun kyauta yakan warware. Ka duba kuma adireshin netwok ɗin ofishin, Docker yana ɗaukar 172.17.0.0/16 ya ci gaba da 172.18 zuwa sama, in na ofishin ma a nan yake zasu yi karo wasu kwamfutoci su kasa ganin sabar, sai ka canza masa da bip da default-address-pools a daemon.json. In 192.168.0 ko 192.168.1 ne kamar yawancin rawuta, da wuya ka gamu da wannan.

Sabuntawa kuma, unattended-upgrades na Ubuntu baya taɓa rumbun Docker sai in kai ka saka shi, ni a ganina hakan ya fi, ka zaɓi lokacin da babu kowa akai, kamar daren Asabar, ka ɗauki kwafin databes, kayi `sudo apt update && sudo apt upgrade`, ka duba komai ya dawo. Ubuntu 24.04 tana da tallafin tsaro na shekara biyar daga 2024, kaga baka da gaggawar canza ta.

Kafin ka miƙa wa makaranta, kayi `sudo reboot` da gangan, ka jira, ka buɗe shafin daga wayarka ba tare da ka taɓa komai ba, ka shiga ka ga bayanan gwajin da ka saka da hotunan suna nan, sannan ka sake gwada 5432 da 8000 daga waje ka tabbatar a rufe suke. In wani abu yaƙi, turo min abin da `docker compose logs --tail 50` da `docker ps -a` suka nuna tare da fayil ɗin compose, amma ka goge adireshin sabar da duk wata kalmar sirri kafin ka turo.